Ginshiƙi na Bakwai

Mala Draga, 9 ga Mayu, 1978

Yaya Vinka,

Yabo ga Ubangiji. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Dujo. Yaya tarin nasa? Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata ta hagu da take yi mini tsiya duk lokacin da hadari ya taso. Matata Zorka tana gaishe ki, ta ce zaren saƙa ya iso, amma ruwan toka kika aiko, ita kuwa shuɗi ta ce. Inna tana cin abinci tana faɗa da kowa, wato da sauƙi.

Ga labarin ɗan gidan hutunku. Tun da kika ɗora mini duba shi, kullum na tashi daga ofishin jirgin fito sai na hau gangaren, na rubuta abin da na gani a littafina. Ginshiƙai takwas sun tsaya. Huɗu na sama gajeru ne, iya gwiwa. Huɗu na wajen teku sun fi ni tsawo, saboda kin san yadda filin ya karkace. Barba Marin, babban maginin da ke aikin, yana huda dutse rami huɗu a ƙarƙashin kowane ginshiƙi, zurfin kamu ɗaya da rabi, ya wanke ramin da ruwa, ya dasa rodi da siminti, sannan ya ɗora gini. Ya ce iskar da take saukowa daga tsauni da hunturu tana cire gida kamar hula, don haka sai an ɗinke shi a jikin dutse kamar maɓalli. Shekararsa saba'in da ɗaya, amma har yanzu shi yake riƙe guduma.

An sa ranar gayyar zuba kankaren daɓe: Asabar, 10 ga Yuni. Mutum talatin da biyu sun amsa, kowa zai bar feshin inabinsa ya zo. Na yi maganar raguna biyu.

Yanzu abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wataƙila ba komai ba ne. Ginshiƙi na bakwai, na kusurwar da ke kallon tsibiri, yana kan wani faffaɗan dutse fari. Ranar Lahadi na bi duwatsun takwas da sandar ƙarfe ina bugawa. Bakwai sun amsa da ƙara mai kaifi, har hannu yana jin ta. Wannan kuwa ya amsa a dakushe, kamar an bugi ganga mai ruwa. Na sake bugawa sau goma sha biyu. Na zuba bokiti uku na ruwa a gindinsa, ruwan ya shige ƙasa bai ɓullo ko'ina ba.

Kin san yadda magina suke raba dutse biyu: mai rai, wanda jikin tsaunin ne, da gwauro, wanda ya gangaro ya zauna shi kaɗai. Gwauro yana iya zama shekara ɗari bai motsa ba, sai an aza masa nauyi. Ina tsoron wannan gwauro ne. Amma ni mai sayar da tikiti ne, ban taɓa gina ko akurkin kaji ba.

Ban faɗa wa Barba ba tukuna. Na yi wata dabara da na gani lokacin aikin soja: na manna siririn gilashi da siminti a kan tsagar da ke tsakanin dutsen da maƙwabcinsa. In dutsen ya motsa ko kaɗan, gilashin zai fashe.

Ki faɗa mini ra'ayinki.

Ƙanenki,
Jerko

Mannheim, 19 ga Mayu

Jerko, jikan ƙanwar kakata kuma ciwon kaina,

Mun gode da gaisuwa. Ni lafiya, sai hannuwana da sabulun gidan wanki ya cinye. Ka ce wa Zorka ruwan toka ya fi dacewa da shekarunta.

Dujo ba daɗi. Ƙurar masana'antar narka ƙarfe ta gama da huhunsa, yanzu in ya hau matakala sai ya huta sau biyu. Likita ya ce iskar teku za ta yi masa amfani, amma yadda ya faɗe ta bai kalle ni ba. Na gane. Na yi wa Dujo alkawarin zai kwana a gidansa ranar idin Maryamu na tsakiyar Agusta. Ya liƙa zanen gidan a bangon gado, yana ta sauya wa taga wuri da fensir.

Kai kuma sai ka aiko mini da labarin ganga mai ruwa! Jerko, tun kana ɗan shekara takwas kake ƙirga matakalar coci hawa da sauka don ka tabbatar ba ta ragu ba. Ranar aurenka sau nawa ka koma duba ko ka kulle ƙofa? Wannan dutsen a kansa muke shanya ɓaure muna yara, ni da kai da abokin wasanmu marigayi Nino. Ka taɓa jin ya yi motsi?

Ka ji ni da kyau. Barba Marin shi ya riƙe Dujo a wurin baftisma. Kuma ka san halin maginan yankinmu: in aka gyara wa babban magini aiki, sai ya naɗe igiyarsa mai dalma ya tafi, kuma daga nan har garin Senj babu wanda zai taɓa aikin da wani ya bari. Ka tuna gidan su Perica? Shekara goma sha huɗu ginshiƙai ne a tsaye, awaki na kwana a ciki. Ba ni da shekara goma sha huɗu. Ba ni da ko biyu.

Kada ka taɓa komai, kada ka ce komai. Ka sha shayin ganye, ka yi barci.

Yayarka,
Vinka

Mala Draga, 24 ga Mayu

Yaya Vinka,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Dujo. Mu lafiya. Kwana goma sha biyar ke nan ban ji daga gare ki ba, ban sani ba ko takardata ta ɓata ne ko kin yi fushi.

Gilashin ya fashe.

An yi ruwa mai ƙarfi Asabar da Lahadi. Ranar Litinin na hau, na tarar ya rabu biyu, tsagar a miƙe, ɓari ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, kamar kaurin farce. Na duba ko akuya ce ta taka. Akwai kashin akuya a kusa, gaskiya. Amma da kofato ne ai da ya ragargaje, ba zai rabu a miƙe ba. Ko zai rabu? Ban sani ba. Na gwada a bayan gida da gilashi uku da guduma, biyu sun ragargaje, ɗaya ya rabu a miƙe. Zorka ta ce in na sake taɓa gilashin tagarta zan koma kwana a ofis.

Jiya na tarar da Barba shi kaɗai yana kafa katakon da zai riƙe kankare. Na miƙa masa sigari, na ce, “Barba, wannan farin dutsen, tun yaushe yake nan?”

Ya ce, “Tun kafin a haifi wanda ya haife ka.”

Na ce, “Na ji kamar ƙararsa ta bambanta.”

Ya ajiye guduma, ya dube ni sama da ƙasa. “Ɗan Ive, tikiti nawa ka sayar yau?”

Na ce ba yawa.

“To ka koma ka ƙara. Shekara hamsin ina yi wa dutse magana yana amsa mini. Kai ka zo da ƙarfe rana ɗaya, har ya faɗa maka sirrin da ya ɓoye mini? Ni ma na ga tarkacen gilashinka. Na ɗauka yara ne ke wasa, ashe yaro ɗaya ne mai furfura.”

Ya yi dariya, ni ma na yi. Amma da na juya zan tafi, na lura ya ɗan taɓa igiyarsa da ke rataye a ƙugu. Na sauko gangaren.

Na yi tunanin buga miki waya daga gidan waya, sai na tuna surukar Barba ce take haɗa layi, kafin in ajiye kan wayar duk ƙauye ya ji.

Na yi lissafi: kankaren daɓe da bango da rufi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin zai sauka a kan na bakwai, domin shi ne a kusurwa mafi zurfi. Ɗakin kwananku a kansa yake.

Gidanki ne, ba nawa ba. Ki ba ni kalma ɗaya: a zuba, ko a dakata. Kwana goma sha bakwai suka rage.

Jerko

Mala Draga, 1 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Jikin Dujo ya tayar mini da hankali, Inna ta sa an kunna masa kyandir.

Takardarki ta iso shekaranjiya. Na karanta “kada ka taɓa komai” na ce to, ta yanke hukunci, na ji kamar an sauke mini buhu. Na yi kwana ɗaya cur cikin wannan sauƙin. Sai jiya na duba kwanan watan, na ga 19 ga Mayu. Wato kin rubuta tun kafin gilashin ya fashe. Amsar tsohuwar tambaya ce. Buhun ya dawo, har da ƙari.

Na je wurin Teta Mande, tsohuwar nan mai kiwon tumaki a saman ƙauye, tana da tamanin da bakwai. Na same ta tana ɓare wake. Na tambaye ta farin dutsen da ke filin kakanku.

Ta ce, “Wanda ya kashe itacen zaitun?”

Na ce wane itace?

“Ai daga sama ya zo, shekarar da ƙasa ta girgiza, ina yarinya. Da safe muka tarar da shi zaune kamar baƙon da ba a gayyata ba. Kakar Vinka ta yi kuka saboda zaitun ɗin.”

Na fito da littafi zan rubuta, sai ta kama hannuna ta ce, “Ive, yaushe za ka yi aure? Yarinyar nan Luce ba za ta jira ka har abada ba.” Yaya, Ive babana ne, shekara tara da rasuwarsa, Luce kuwa Inna ce. To da wace magana zan riƙe? Idan na kai wa Barba shaidar matar da take neman aurar da matacce, har jikokina sai an yi wa dariya.

An kawo yashi da tsakuwa. Ana zuwa ana tambayata ƙarfe nawa za a fara. Zorka ta ce na rame, ta ce, “Kai ba gidanka ba, ba dutsenka ba, amma kai ne ba ka cin abinci.” Gaskiyarta. Amma in aka zuba, wata rana cikin hunturu kusurwar ta zauna da ku a ciki, ni ne na ji ƙarar na yi shiru. In kuma na yi magana Barba ya tafi, kuma ya zamana akuya ce, ni ne na hana Dujo kwana a gidansa.

Kwana tara. Ki rubuto.

Jerko

Mannheim, 4 ga Yuni

Jerko,

Lafiya muke, in wannan ce lafiya. Dujo ya kwana uku a asibiti, ya dawo jiya.

Na sami ta 24 ga Mayu. “Gidanki ne, ba nawa ba.” Na karanta wannan layin sau biyar. Wato ka gaji, kana neman hanyar zare hannu, ka bar mini. Da ka faɗa tun farko da na nemi wani. Ina tsaye awa tara a kan zanin gadon mutane, in dawo in ɗaga mutum in kwantar, sannan in zauna in yanke hukunci a kan dutsen da rabona da shi shekara goma sha ɗaya?

Kana son kalma ɗaya. A zuba.

Vinka

Mala Draga, 12 ga Yuni

Yaya Vinka,

Ina gaishe ku, ina roƙon Allah ya ba Dujo sauƙi. Takardarki ta 4 ga wata yau da safe ta iso, kwana biyu bayan gayya. Ban yi nufin zare hannu ba. Nufina ba ni da ikon yanke miki. Amma tun da shiru ya yi yawa, na yanke, kuma ba abin da kika ce ba ne. Ba a zuba ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki zage ni.

Ranar Alhamis na tuna wani abu. Ba a gyara wa magini aiki, amma mai gida yana da ikon ya ce a ƙara masa wani abu, wannan ba raini ba ne. Sai na je na yi ƙarya da sunanki. Na ce, “Barba, Vinka ta rubuto. Tana son ɗan ɗakin ajiya a ƙarƙashin daɓe, a kusurwar teku, inda Dujo zai sa komarsa da filafilai. Ta ce a share ƙasan wurin kafin a rufe sama.”

Ya ce, “Ita ta ce?”

“Ita ta ce.”

“Ina takardar?”

“Na bar ta a ofis.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Gobe ka zo da diga. Kai za ka haƙa, tunda kai ne ɗan aike.”

Juma'a na ɗauki hutu. Mu biyu ne kawai. Na haƙa a gefen farin dutsen, yana zaune yana shan taba yana cewa na riƙe diga kamar alƙalami. Da na kai zurfin gwiwa sai gefen dutsen ya ƙare, ya lanƙwasa ciki. Ƙarƙashinsa jan ƙasa ce. Barba ya tashi, ya karɓi sandar ƙarfe, ya tura ta ƙarƙashin dutsen. Ta shige duka, har hannunsa. Ya durƙusa, ya zura hannu ya yi ta lalube, ya fito da guntun tukunyar ƙasa mai mariƙi. Ya goge shi a wando, ya juya shi, ya sa a aljihu. Ya tafi gida ya bar hularsa a kan katako, amma igiyarsa tana ƙugunsa, ban san ko zai dawo ba.

Asabar mutum talatin da biyu suka zo da shebur da baro, an hura wutar raguna. Barba ya iso a makare. Ya hau kan tulin yashi ya ce, “Jama'a, yau ba zuba. Wannan malamin tikiti, da littafinsa da fensirinsa, shi ya ba ni awo, ya kafa mini turken na bakwai a inda bai kamata ba. Sai an rushe.”

Aka yi caa a kaina. Krsto mai kwale-kwale ya ce, “Jerko, haka kake ƙirga fasinjoji? Shi ya sa jirgin yake karkata!” Wani ya ce a ba ni cokali in auna miya, ƙila na iya wannan. Na ce a yi haƙuri, laifina ne. Fuskata kamar an watsa mata ruwan zafi. Ban taɓa kuskuren awo ba a rayuwata, kin sani.

Aka fasa ginshiƙin, aka yanke rodi. Barba ya ce tunda an taru, a kawar da dutsen ma don ɗakin ajiya ya samu wuri. Mutum goma suka sa bututun ƙarfe da gungume a ƙarƙashi. A yunƙuri na uku ya girgiza kamar haƙorin tsoho, a na biyar ya tashi, ya gangara yana karya ƙirare har ya faɗa teku. A gurbinsa akwai ruɓaɓɓen kututture.

Krsto ya ce a hankali, “Barba, dutsen da mutum goma suka...”

Barba ya ce, “Rufe bakinka ka miƙo diga.”

Sun sami dutse mai rai a zurfin ƙirji. Barba ya buga shi da kansa, sannan ya miƙo mini sandar ba tare da ya kalle ni ba. Na buga. Har haƙorana sun ji.

An ci raguna, an sha giya, an ci gaba da tsokanata har la'asar. Amma ga inda muke. Sabon ginshiƙi zai fi tsohon tsawo, sai ya yi mako uku kafin ya ɗauki nauyi, daɓen kuma sai ya yi wata kafin a ɗora bango. Ba za a yi rufi kafin idin Agusta ba. Kuma ba a kiran gayya sau biyu a gida ɗaya cikin shekara, sai dai in bi ƙofa ƙofa ina roƙo, ni da kowa ya ɗauka na ɓata musu rana. Jiya bayan coci na tambayi goma sha huɗu. Shida sun amsa.

Na karya alkawarin da kika yi wa Dujo, na kuma yi ƙarya da sunanki. In Barba ya tambaye ki ɗakin ajiya, ban san abin da za ki ce ba. Yau kuma na kama kaina ina tunanin ko na huɗu ma ƙararsa daidai take. Na buga, daidai take. Ina jin daidai take.

Ƙanenki,
Jerko

Mannheim, 21 ga Yuni

Jerko ƙanena,

Muna gaishe ku duka. Dujo ya ɗan samu, jiya ya ci miya kwano guda.

Takardata ta 4 ga wata, ka sa ta a murhu. Ta 1 ga Yuni ta zo bayan na aika da ita, na yi kwana takwas ina ganin mutane suna zuba kankare a idona, ba ni da hanyar tsayar da su, don ni na ce a zuba.

Na karanta wa Dujo taka ta ƙarshe daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin Krsto ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da na gama na kasa kallonsa, na ce, “Ba rufi a Agusta.” Sai ya ce, “Mace, kin ɗauka don ni nake gina shi? Ni na bazara ɗaya ne. Ke ce za ki yi hunturu ashirin a kan wannan kusurwar.” Na fita kicin na daɗe.

Za mu zo 12 ga Agusta. Ya ce in an zuba daɓe, a kafa masa tamfol a kai, a kawo gadon ƙarfen da ke ɗakin Inna. In ba a zuba ba, a jera katako a kan na sama huɗu, ya ishe shi.

Na rubuta wa Barba yau. Na gode masa da ɗakin ajiyar da na roƙa, na ce ƙofarsa ta kalli teku. Maganar awo kuwa ka bar ta yadda ya faɗa, tsoho ne, kai kuma ka iya ɗauka.

Shida ba za su zuba daɓe ba. Ka aiko mini sunayen takwas ɗin da suka ƙi, da na sauran da ba ka tambaya ba. Ba su zan rubuta wa ba. Matansu zan rubuta wa.

Yayarka,
Vinka